Azumin da Na Yi Barar Gizo-gizo

Bana azumi ya faɗo a tsakiyar zafi, irin zafin Jidda mai haɗe da gumin teku, wanda za ki fito daga wanka kafin ki gama ɗaura zani kin sake jiƙewa. Masu lissafi sun ce duk shekara talatin da 'yan kai azumi yakan zagayo ya dawo inda ya taɓa tsayawa. Ni ban iya lissafi ba, amma jikina ya gane shi. Na taɓa yin azumi a cikin wannan zafin, kuma ban manta ba.

Saura kwana biyu a ga wata, jikata Suhaila ta hau saman soro da tsintsiya da bokiti. A nan aka haife ta, tana jin Hausa sarai, amma in za ta mayar da magana sai ta cakuɗa da Larabci. Ina ƙasa ina tsince shinkafa na ji ƙarar shara ta wajen da inabina yake. Ban san lokacin da na haye matakala ba, ni da gwiwa ta hana ni sallah a tsaye.

"Ajiye! Ajiye tsintsiyar nan!"

Ta juyo a firgice. "Sitti, esh fi, me ya faru? Gizo ne bas, datti ne. Ramadan ya zo."

"Na san ya zo. Ki share ko'ina, har cikin kunnena in kin ga dama, amma ki bar min wannan kusurwar."

Ta tsaya tana yi min irin kallon da yaran yanzu suke yi wa tsohuwa idan suna zaton kanta ya fara juyewa. Na zauna a bakin matakala ina haki. Ba laifinta ba ne. Abin da ta ɗauki tsintsiya za ta yi, ni na riga ta yi, kuma saura kaɗan ya raba ni da mijina har abada.

A lokacin muna nan unguwar Nuzla, a ɗaki ɗaya cikin gidan Hala Zainaba. Ita asalinta Bahaushiya ce, kakanninta suka zo hajji a ƙafa suka zauna, amma ko hanyar Kano ba ta sani ba. Mu kuwa hajji muka zo muka ƙi komawa, ni da maigidana Malam Isiyaku, da 'yarmu Hadiza tana goye. Ba mu da iƙama, wato takardar zama, saboda haka duk inda muka taka a ɗarare muke. Ni ina kasa kuka da daddawa da yaji a kasuwar Bab Makka, ido ɗaya a kan tire ɗaya a kan hanya. Malam ya sami aiki a kan dutse, wajen Ɗa'ifa, a gonar inabin wani dattijon Balarabe da ake kira Ammu Hamid. Shekara huɗu yana can. Sai bayan wata biyu ko uku yake gangarowa ya gan mu, ya zo mana da zabibi a ƙulli da kwalbar khal, ruwan tsamin da suke yi da inabin da ya fashe.

Inabin gonar ba irin na kasuwa ba ne. 'Ya'yansa ƙanana ne, kore mai shigen kalar zuma, fatarsa kamar babu. Ba ya jure doguwar tafiya, shi ya sa manoma suka watsar da shi suka koma wa manya masu ɗaukar ido. Malam ya ce a duk kwarin gonar Ammu Hamid ce kaɗai ta rage da shi, tun daga kakansa.

A shekarar ne gonar ta tafi. Ta gado ce, 'yan'uwa suka yi rinjaye suka sayar wa masu gini. Baƙin ciki ya kwantar da dattijon, aka sauko da shi asibiti a nan Jidda. Ashe tun lokacin sanyi, da ake datse rassa, Malam ya ɗebi wasu ya kafa a gwangwanayen man girki da ƙasar gonar, sun yi saiwa sun fitar da ganye. Ranar da motar rusau ta shiga gonar, ya loda su a bayan a-kori-kura ya gangaro da su gida.

Gwangwani goma sha huɗu ne. Shi kaɗai ya hau da su soro, ɗaya bayan ɗaya, bai yarda kowa ya taɓa ba. Da na hau na gani, sai da na riƙe baki. Kowane gwangwani ciyawa ta cika shi, wata mai ɗan farin fure, wata mai ƙamshi kamar ɗoɗɗoya, ga busasshen ganye jibge a kan ƙasar, ga yanar gizo-gizo ta naɗe rassan.

Na ce, "Malam, shuka ka kawo min ko juji?"

Bai yi dariya ba. Ya share gumi da hularsa ya ce, "Hansatu, Jidda ba garin inabi ba ne, na sani. Amma ba ni da inda zan kai su. Ammu Hamid yana da ɗan fili na mahaifiyarsa can saman dutse. Ya ce in waɗannan suka kai sanyi da rai zai dasa su, ya yi min iƙama a kan gonar, ke da Hadiza ku shiga ciki. In suka mutu, ba gona, ba abin da zai rubuta ni a kai."

Ya ɗaura buhunan shinkafa a kan igiyar shanya ya yi musu rumfa. Goma ya jera a gindin katanga. Huɗu kuma ya tura su can bayan wani tsohon tankin ƙarfe da ya huje aka watsar, wurin da ko hannu da ƙyar yake shiga. Sannan ya ce, "Ruwa safe da yamma. Kada rana ta doke su. Ciyawar nan da yanar nan kuma ki bar su, kada ki cire komai."

Kwana tara bayan haka aka yi kame a tashar mota, inda ya je neman aikin yini. Ban gan shi ba. Wani mai tura baro ne ya zo har gaban tirena ya sunkuyo ya faɗa min. Kafin wata ya ƙare an sa shi a jirgi an mayar gida. Abin da ya hana ni faɗuwa shi ne saƙon da 'yar Ammu Hamid ta aiko: babanta ya ce alkawari yana nan. In an dasa gonar, zai ɗauko Isiyaku daga Najeriya da biza ta ma'aikacin gona. Daga ranar, idan na dubi gwangwanayen nan ba shuka nake gani ba, hanyar dawowar mijina nake gani.

To, ni 'yar manomi ce, daga ƙasar Bichi. A gidanmu gonar da ciyawa ta ci abin kunya ce, har a dandali sai an yi wa mai ita waƙa. Yanar gizo-gizo kuwa tun muna yara aka ce mana tsiya take jawowa gida. Kullum na hau ba su ruwa sai na ji hannuna yana ƙaiƙayi. Na daure, na daure, har ƙarshen Sha'aban da aka fara sharar azumi. Hala Zainaba mace ce mai tsafta har ta yi yawa, tana iya wanke sabulu kafin ta yi wanka da shi. Ta hau soro ta dudduba, ta sauko ta same ni.

"Ya binti, tun da gwangwanayen nan suka hau min soro ankabut, gizo-gizon nan, ya cika min gida. Kin san abin da yake jawowa. Su kwana tara da zuwa, shufi, dubi abin da ya sami mijinki."

Maganar ta shige ni. Na ji Malam sarai, ban manta abin da ya ce ba. Amma na ce a raina namiji ne, me ya sani game da tsafta? Kuma wa ya taɓa jin ciyawa ta amfani shuka? Washegari da hantsi na hau da tsintsiya da tsumma da tsohon cokali. Na tuge ciyawar tas. Na kwashe busasshen ganyen na zubar. Na yi wa ƙasar kaftu da cokali har ta yi laushi. Na goge yanar da tsumma, gizo-gizon da ya fito da gudu na bi shi da silifa. Goma na yi wa haka. Huɗun bayan tanki ne kawai suka gagare ni, don tsintsiya ba ta juyawa a wurin, ruwa ma sai na miƙa moɗa ta saman tankin nake tsiyaya musu. Na ja baya na dubi aikina, na ji daɗi har cikin raina. Na ce da Malam zai gani da ya san ya auri 'yar manomi.

Aka ga wata. Wanda bai yi azumin shekarar ba ba zai gane ba. Ba mu da na'urar sanyaya ɗaki irin ta yanzu, sai fanka ɗaya mai kukan tsohuwa, wadda iska mai zafi kawai take juyawa. Da hantsi katanga ta ɗau zafi, kafin azahar ba mai iya taka soro ba takalmi. Iska ba ta motsi, sai wani nauyi da yake tasowa daga teku ya zauna wa mutum a ƙirji. Ruwa kuma ya yi wuya. Yanzu Suhaila takan buɗe famfo ta tsaya tana waya, a lokacin kuwa sai mun jira saƙƙa, mai ga-ruwan da yake ɗauko garwa biyu a sanda, shi ma wani lokaci ya kwana biyu bai leƙo lungunmu ba. Na koma yin alwala a cikin kwano. Ruwan wankin shinkafa ba na zubarwa. Hadiza na daina sa mata sabulu a wankan safe, don in hau da ruwan soro in ba shukar.

Ba abin da ya fi min wuya kamar ban-ruwan la'asar. Leɓena ya tsage, harshena ya manne, ga ni riƙe da moɗa ina tsiyaya ruwa a ƙasa ina jin yadda take tsotse shi. Maƙogwarona yakan motsa da kansa. Sai na kau da kai ina istigfari.

Abin da na fara lura da shi, ƙasar da na yi wa kaftu ba ta riƙe ruwa. Da can takan kai yamma da danshi, yanzu kafin hantsi ta bushe ta tsage, gwangwanin ya yi zafi kamar tukunya. Ranar biyar ga azumi na juya wani ganye, na ga abu fari-fari manne a bayansa kamar auduga. Na girgiza reshen, wasu ƙananan ƙwari suka yi tsalle suka watse suka dawo. Ganyen ya yi danƙo, tururuwa tana hawa tana sauka. Na ce ai na san magani. Na barbaɗa toka kamar yadda muke yi wa wake a gida. Ko a jikinsu.

Hala Zainaba ta kawo maganin sauro na fesawa. "Yalla, fesa musu, halas." Allah ya taimake ni biyu kawai na gwada. Da gari ya waye ganyensu ya yi baƙi ya naɗe kamar an soya. Ban yi kuka ba ranar, tsoro ya fi ƙarfin kukan. Na uku ya bi su ba tare da na fesa masa komai ba. Sai na huɗu. Kullum bayan sallar asuba nakan tsaya a gindin matakala in kasa hawa, don ban san nawa zan tarar ba. Ranar sha biyu ga azumi biyar sun mutu cikin goman, sauran biyar kuma ganyensu ya yi rawaya. Na bayan tanki suna nan kore, na ɗauka inuwa ce ta fi musu yawa.

Na ce wa Hala sai ta raka ni asibiti wajen Ammu Hamid. Ta zaro ido. "Ke majnuna ce? Ba ki da waraƙa, ko takarda ɗaya, akwai askari mai kaki a ƙofa."

Na ce, "Hala, in na zauna ma mutuwa suke yi."

Ta ara min abaya da niƙabi. Na ƙulle ganye ɗaya a bakin mayafi. Muka hau mota muka ratsa unguwar Sharafiyya da tsakar rana, ni dai duk wanda na gani da kaki sai in kau da kai. A ƙofar asibiti Hala ta saki Larabci irin na 'yan gari, tana faɗa tana nuna ni kamar 'yar aikinta, har mai gadin ya gaji ya ɗaga mana hannu.

Ban taɓa ganin Ammu Hamid ba sai ranar. Ɗan tsamurmurin tsoho ne, ya shige cikin gado, hannuwansa ne kawai manya. Na gaishe shi na kwance ganyen na miƙa. Bai dubi samansa ba, juya shi ya yi. Ya daɗe yana kallo, sannan ya yi magana a hankali. Larabcina na ciniki ne, Hala ce take fassara.

"Yana tambaya, wai ankabut yana nan?"

Na girgiza kai. Ya sake tambaya. Ciyawar fa? Ganyen da ke kan ƙasar fa? Na sunkuyar da kai. Hala Zainaba, Allah ya ji ƙanta, tana da faɗa amma ba ta da ƙarya. Ta dafa ƙirji ta ce masa ita ta sa ni.

Tsohon ya rufe ido. Wallahi na zaci ko dai ya kore mu ko ya cika a gabanmu. Can ya buɗe, ya fara magana ba tare da ya dube mu ba. Ya ce sau ɗaya babansa ya taɓa dukansa, ranar da ya bi layin inabi da sanda yana tsinka yana. Ya ce ƙwarin nan masu tsalle kullum suna nan a gona, gizo-gizo ne yake rage su. Furen ciyawar yana kiran wasu ƙananan ƙwari da suke cin farin nan mai kama da auduga. Ganyen da ke ƙasa shi ne mayafin saiwa. Sannan ya faɗi wata magana, Hala ta juya min ita.

"Ya ce ba shuka kaɗai Isiyaku ya kawo miki ba. Gonar ya ɗauko gaba ɗaya ya zuba a gwangwani, ke kuma kika kori masu gadinta."

A nan kukan ya zo. Ya bar ni na yi, sannan ya tambaya ko akwai wanda ban taɓa ba. Na ce huɗu. Sai da ya ɗago kai daga matashi. Ya sa na maimaita. Ya ce in matso da marasa lafiyan jikin huɗun nan har rassansu su haɗu. In rufe ƙasar da duk abin da na samu. In goge farin da hannu, ganye-ganye. In kakkaɓe irin ciyawar huɗun a cikin sauran. Kuma in nemo gizo-gizo, ko nawa ne.

Nemo gizo-gizo a Nuzla, a tsakiyar azumi, bayan kowace mace ta gama ƙure ɗakinta da shara! Na huda murfin gwangwanin madara, na sami ɗan kara, na fara bi gida-gida. In yi sallama, a amsa, a zaci sadaka na zo nema. In ce, "Don Allah ko kuna da gizo-gizo a ɗakin ajiya?" Wata ta yi dariya har da riƙe ciki. Wata ta ji haushi, wai ƙazama na mayar da ita. Wata kuwa ta ja 'ya'yanta ciki ta rufe ƙofa. Kafin kwana biyu magana ta zaga unguwa. Wasu suka ce tun da aka tafi da mijin Hansatu kanta ya taɓu. Wasu suka ce tsibbu take haɗawa. Wani ma cewa ya yi inabi take nomawa a soro don ta haɗa giya. Wannan ta ƙarshe ita ta fi tayar min da hankali, don a garin nan mutum ɗaya ya kai irin wannan magana gaba ya isa a zo a kwashe gida guda.

A bayan Bab Makka akwai wani tsoho mai sayar da gawayi, mutumin Damagaram. Shi ne bai tambaye ni komai ba. Ya ce, "Shiga, 'yata, rabon ɗakin nan da tsintsiya tun ina da haƙora." Ciki duhu ne da zafi, ƙurar gawayi tana shiga hanci, yana kuwa ta sauko har ka. Ni da nake bin su da silifa, ga ni a tsugune ina lallaɓa su da kara kamar masu ciwo. Bakwai na kama.

Ina fitowa bakin titi na ga mutane suna gudu. Motar kame ce ta tsaya a kan kwana, an tare hanya. Gudu shi ne tona kai, saboda haka na raɓa jikin wasu matan Larabawa da suke taya yadi a ƙofar kanti, na tura gwangwanin cikin abaya, na kama bakin wani yadi kamar mai dubawa. Ashe murfin ya goce. Na ji ƙafafu suna tafiya a hannuna, suka haye kafaɗa, suka nufi wuya. Ga askari a bayana, ina jin ƙarar takalminsa. Ban motsa ba. Na danne murfin da babban yatsa, na cije leɓe har na ji ɗanɗanon jini, ina roƙon Allah kada azumina ya karye kuma kada a ce in juyo. Ya tsaya, ya duba cikin kantin, ya wuce. Da na isa gida na kwance abaya a saman soro, biyar suna cikin gwangwani, ɗaya a cikin ɗankwalina. Shi ma na sauke shi a kan reshe.

Daga nan gidan ya canza. Hala Zainaba, uwar tsafta, ita ce na tarar a kan kujera tana leƙen saman ɗakin girkinta da kara a hannu, tana ce wa gizo-gizo, "Taʿal, ya habibi, zo, taʿal." Sauran matan haya su biyu suka fara tara mana ruwan alwalarsu. Na roƙo ciyawar da ake shimfiɗa wa kankana a kasuwa, muka haɗa da ɓawon albasa da ganyen shayin da aka dafa muka rufe ƙasar. Muka naɗe gwangwanayen da tsumman buhu. Kullum bayan la'asar mu huɗu muke hawa, kowa da ɗan ƙyalle da kwanon ruwa, muna goge bayan ganye ɗaya bayan ɗaya, ba mai magana don ba yawu a baki. Sai an kusa kiran magariba muke sauka a guje mu duba miya.

Duk da haka mutuwar ba ta tsaya nan take ba. Ɗaya ya tafi ranar sha bakwai. Biyu suka bi shi a mako guda. Saura biyu cikin goman, su ma sanduna ne kawai da 'yan ganye uku-uku. Na daina barcin rana, na daina zuwa kasuwa. Abin da nake tsoro kada ciwon ya tsallaka ya kama huɗun, tunda ni da hannuna na haɗa rassansu.

Ana saura kwana uku sallah na hau da sassafe. Raɓa ta sauka, irin wadda gumin teku yake kawowa. Tsakanin ɗaya daga cikin marasa lafiyan da na bayan tanki, na ga yana sabuwa fil, an saƙa ta zagaye, ƙwarin nan masu tsalle sun maƙale a ciki sun fi goma. A ƙasanta, a jikin sandar da na fid da rai da ita, wani ɗan toho ya fito, ja-ja, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Na zauna daɓas a ƙasa. Ban kira kowa ba sai da na gama kukana. A sallar shekarar soronmu ne kaɗai ba a share ba a duk lungun.

Sai bayan babbar sallah, da zafi ya karye, Ammu Hamid ya zo. Surukansa biyu suka riƙe shi, yana hawa matakala yana hutawa. Ni ina bayansu. Ya tsaya ya ƙirga da sandarsa. Shida, cikin goma sha huɗu.

Na taɓa Hala. "Tambaye shi, shida sun isa gona?"

Ta tambaya. Ya sa aka durƙusar da shi, ya bi su ɗaya-ɗaya yana juya ganye, yana tura yatsa cikin ƙasa, yana kauce wa yanar da hannunsa. Da ya gama ya ce a ɗauki biyar, a hankali, kada a girgiza, kada a tsinka komai. Na shidan, mai tohon nan, ya nuna ni da sanda ya ce nawa ne. Sannan ya laluba aljihu ya ciro takarda da alƙalami ya miƙa wa surukinsa.

Hala ta juyo, idonta ya kawo ruwa. "Ya ce ki faɗi sunan mijinki, da na ubansa, da na kakansa."

Wata goma sha ɗaya bayan haka Malam ya dawo, da biza a fasfo, ta ƙofar da mutane suke shigowa. A kaset ɗin da na aika masa na ce shida sun rayu, ban faɗi abin da ya kashe takwas ba. Na shirya yadda zan faɗa masa a hankali, amma Hala ta riga ni, ko takalmi bai cire ba ta zazzage masa komai, har da gizo-gizon cikin ɗankwali. Na tsaya a bakin ƙofa ina jiran faɗa. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce:

"Hansatu, shekara tara muna tare. Ai na san za ki share. Me kike zato ya sa na tura huɗu bayan tanki?"

Yau shekarar Malam bakwai a ƙasa, can kan dutse, kusa da gonar da ya yi wa aiki har ƙarfinsa ya ƙare. Inabin da ke sorona jikan na shidan nan ne. Zafin Jidda bai taɓa barinsa ya yi 'ya'yan kirki ba, in ina son inabi sai dai a sayo min na kanti, manya masu sheƙi da ba su da ɗanɗanon komai. Na ba Suhaila wannan labari a bakin matakala, tsintsiya tana hannunta. Da na kai maganar tanki ta yi dariya, ni ma na yi. Mutumin nan ya san halina fiye da yadda na san kaina, ya kuma yi min tanadi bai taɓa goranta min ba.

Ta share ko'ina, ta bar min kusurwar.